Tabo A Sunan Tahiratu

"Zauna, ƙanwata. Ba don faɗa na kira ki ba."

Tahiratu ta zauna a bakin kujerar roba, ta ɗora jaka a cinya. Shagon Yaya Zeinabou da ke titi na 116 a Harlem cike yake da ƙamshin turaren wuta da na sabuwar shadda, amma yau ƙamshin hawa mata kai yake yi. Tun shigowarta ta lura an juya allon ƙofa alamar an tashi, alhali ko azahar ba a kira ba.

Zeinabou yayar Barmo ce, saurayin da Tahiratu za ta aura, kuma ita ce uwa a wurinsa. Ita ta goya shi a Tawa bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta yi masa hanya ya zo Amurka. Ita ce ma ta jagoranci matan da suka kai kayan gaisuwa gidan su Tahiratu a unguwar Morrisania da ke Bronx, tana rangaɗa guɗa a matakala har maƙwabta suka leƙo. Sa rana kaɗai ya rage.

"An hwaɗa mini wata magana jiya wurin suna," in ji Zeinabou. "Na ce ƙarya ce. Na ce sai na ji daga bakinki. Gaskiya ne kin tahi kotu an rubuta ki cikin waɗanda suka karye? Abin ga da suke ce ma bankrofsi?"

Tahiratu ta sunkuyar da kai.

"Gaskiya ne, Yaya."

"Innalillahi! Barmo ya sani?"

"Ya sani. Tun kafin ya turo na gaya masa."

Zeinabou ta dafe ƙirji, ta kawar da kai tana kallon jerin turamen atamfa kamar a can amsar take. Da ta juyo idanunta sun kaɗa.

"Ashe ni kaɗai aka mayar sakara. Bon, shi ke nan. Mi kika yi da kuɗɗin mutane, Tahiratu? Leshi? Zinariya? Ko Dubai kika tahi?"

Tahiratu ta ƙanƙame jakar da ke cinyarta.

Me za ta ce? Ta ce Baabanta, Malam Moro, ne ya ci bashin banki ya sayi lambar izinin tuƙa tasi mai ruwan ɗorawa, a lokacin da kowa ke cewa lambar ta fi gida daraja? Ta ce ita ce ta tsaya masa ta sa hannu saboda ita ke da takardar albashi, sannan motocin da ake kira ta waya suka cika gari, lambar ta zama ba a bakin komai ba, banki ya biyo ta? Ranar da suka dawo daga kotu Baaba ya riƙe hannunta a cikin bas, ya roƙe ta don girman Allah kada mutanen masallaci su ji cewa shi ne ya jefa 'yarsa a rami. Ta yi masa alkawari.

"Ban ci kuɗin kowa ba, Yaya. Abin da zan iya faɗa ke nan."

"Ba ki ci ba, amma kotu ta san sunanki?"

Hawaye suka cika mata ido.

Zeinabou ta jawo kujera kusa, ta sassauta murya. "Ki ji ni. Ni ban ƙi ki ba, Allah shaida. Amma kin san wahalar da yaron ga ya sha. Shekara da shekaru shina ɗaukar kwali a sito, bayanshi har ya fara ciwo. Yanzu wani kamfani ya kira shi, za su ba shi mataimakin manaja, shi za ya riƙa sa hannu kan kuɗɗin kamfani. Sun ce sai sun bincika kiredit ɗinshi, tarihin bashinshi, tukuna. In aka ɗaura muku aure, sunanki da nashi sun zama guda. Tabon da ke sunanki ya shafe shi."

"Ba haka ba ne, Yaya. Lauyata ta ce kowa da nasa. Ta ce aure ba ya haɗa tarihin bashin miji da na mata."

"Mai kitson ga da ke kusa da ni, mijinta bai samu gida ba saboda ita."

"Wataƙila tare suka nema..."

"Wataƙila! Kan wataƙila zan ɗora rayuwar ƙanena?" Zeinabou ta dube ta ido cikin ido. "To ke da lauya ta wanke, ina aikin da kika ce mana kin samu? Ba watan ga kika ce za ki fara ba?"

Maganar ta sauka daidai inda ke wa Tahiratu ciwo.

"A dakata da sa rana," in ji Zeinabou, tana miƙewa. "Ban ce a fasa ba, ban ce a yi ba. A dakata. In kina son shi da gaske, ke da kanki za ki ja baya."

*

A cikin jirgin ƙasa na komawa Bronx ba ta samu wurin zama ba. Ta riƙe ƙarfe, tana kallon fuskarta a gilashin ƙofa.

Karatun akanta ta yi. Amma tun bayan kotu aikin kula da tsofaffi a gidajensu take yi, wanka da ba da magani da wankin zanin gado. Kwanan baya wani kamfanin kula da marasa lafiya ya kira ta ganawa, suna neman wadda za ta riƙe ofishin biyan albashi. Matar da ta gana da ita ta yaba mata, har ta nuna mata teburin da za ta zauna, kusa da taga. Sannan ta miƙo mata takardar neman izinin bincike, ta ce al'ada ce kawai.

Ta sa hannu. Bayan 'yan kwanaki saƙo ya shigo: sun ga wani abu a rahotonta, suna sake nazari, tana da damar yin bayani. Ta rubuta bayanin. Tun daga nan shiru. In ta kira a ce ba a yanke ba tukuna. Ba a ɗauke ta ba, ba a kuma ce ta haƙura ba.

Tana fitowa daga tasha ta raɓe jikin wani shagon kayan miya ta kira lauyarta.

"Don Allah ki fahimtar da ni," ta ce da Turanci. "Ba ke kika ce a garin nan doka ta hana mai ɗaukar aiki duba bashin mutum ba?"

Lauyar ta ce haka ne, ga yawancin ayyuka. Amma akwai waɗanda aka cire, kamar aikin da mutum zai riƙa sa hannu kan manyan kuɗin wasu.

"To ai kin ce ba a korar mutum saboda ya karye."

Lauyar ta ce kora daban, ƙin ɗauka daban. Wanda ke cikin aiki doka ta tsare shi. Wanda ke bakin ƙofa yana nema kuwa, in ba aikin gwamnati ba ne, alƙalai ma kansu bai haɗu a kai ba.

"Alƙalai ma ba su sani ba?"

Lauyar ta yi ɗan murmushi mai sauti, ta ce kusan haka.

"Miji fa? In na yi aure abin zai hau kansa?"

Ta ce a'a, sai dai in sun haɗa suna a kan wani bashi ko wata yarjejeniya. Daga nan ta ba da haƙuri, ana jiran ta a kotu.

Tahiratu ta tsaya riƙe da waya. Yarjejeniya. Wace irin yarjejeniya? A watan jiya ita da Barmo sun cika takardar neman hayar wani ɗan gida a Grand Concourse, sunansa a sama, nata a ƙasa. Shi ma yarjejeniya ce? Ta sake kira. Ba a ɗauka ba.

*

Tun daga ƙofa ta ga takalmin. Baƙin sau-ciki mai ƙyalli, an ajiye shi daidai tsakiyar tabarmar ƙofa kamar na mai gida.

Alhaji Rilwanu ne zaune a falo, mahaifiyarta, Mma Afua, ta cika masa gaba da waakye, dafa-dukan shinkafa da wake, da soyayyen kifi. Shi ne mai kamfanin tura kaya Tema da Kwatano, shi ke cika wa rabin mutanen unguwa takardun haraji. Matarsa ta rasu shekarun baya. Sau biyu yana aikowa neman Tahiratu, sau biyu tana cewa a ba shi haƙuri.

"Ga 'yar halak," in ji Mma. "Zo ki gaida Alhaji."

Ta durƙusa ta gaishe shi daga nesa.

"Malama Tahiratu," ya ce yana goge hannu. "Na ji abin da ya faru da aikinki, raina bai ji daɗi ba. Mutanen nan takarda suke kallo, ba mutum ba. Ni kuwa ofishina na neman akanta. Ba bincike, ba sa hannu, ba komai. Ni na san gidan da kika fito."

"A ina ka ji, Alhaji?"

Ya yi murmushi. "Abin da ya shiga kotu ai ba sirri ba ne. Kowa na iya dubawa."

Ta kalle shi. Shi ne ya kai maganar gidan suna? Ko Mma ce ta yi kuka gaban wata ƙawarta? Ko kuwa tausayi ne tsakani da Allah ya kawo shi? Fuskarsa ba ta nuna komai ba sai kirki, kuma wannan ne ya ƙara rikita ta.

Bayan ya tafi Mma ta rufe ƙofa ta juyo.

"Yayar Barmo ta kira ni," ta ce. "Ni, Afua, aka kira a waya ana gaya mini a dakata! Kamar mun kai musu ruɓaɓɓen tumatir. Ban ji daɗi ba kraa, ko kaɗan. Ga Alhaji ya san komai, ya ce ya ji ya gani. Aiki, gida, mutunci. Me kike nema kuma?"

"Mma, ba na son shi."

"So! Son ne zai goge sunanki a kotu? An ce abin nan shekara goma yake yi a jikin mutum. Goma, Tahiratu! Ƙawayenki duk suna goyon na biyu. Za ki zauna kina wa tsofaffin Turawa wanka har yaushe?"

"Barmo bai ce ya fasa ba."

"Yayarsa ta ce, ai shi ya ce. Yaron da ko riga ba ya saye sai ta zaɓa masa?" Muryar Mma ta karye, ta zauna a hannun kujera. "Ni ba tilas zan miki ba, ke ba yarinya ba ce. Amma Alhaji ya ce ranar Juma'a bayan masallaci zai zo jin amsa. Ki dube ni, ki dubi Baabanki, ki ba shi amsar da za ta sa mu ɗaga kai."

Tahiratu ta wuce ɗakin Baaba.

Yana zaune kan sallaya, carbi a hannu, bai ja ko ɗaya ba. Tun da lambar tasin ta tafi ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yanzu motar wani yake ja, kwana uku a mako, in ƙafarsa ta bar shi.

"Baaba, yayar Barmo ta tambaye ni me na yi da kuɗin mutane. Ta ce ko leshi na saya."

Ya runtse ido.

"Ka ba ni izini in gaya mata. Ita kaɗai."

"In kin gaya mata zai canza abin da ke rubuce?" ya tambaya a hankali. "Sunanki ne a wurin, uwata, ba nawa ba. Za ki tona ni, kuma ba za ki wanku ba."

"Aƙalla za ta san ni ba ɓarauniya ba ce!"

"Na sani. Allah ya sani." Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. "Ni ke jan salla in liman ba ya nan. Ni ake kira sasanta ma'aurata. In suka ji... Tahiratu, ban hana ki ba. Wallahi ban hana ki ba. Amma ban iya ce miki je ki faɗa."

"To me kake so in yi? In auri Alhaji Rilwanu?"

"Ban ce ba."

"In jira Barmo?"

"Ban sani ba, uwata. Wanda ya sa ki a wannan hali ba shi da bakin ba ki shawara."

Ta fita ba ta san ko fushi take da shi ba ko tausayinsa take ji.

*

Kwanakin da suka biyo ba ta ɗauki wayar Barmo ba. Ya kira, ya turo saƙon murya, ya zo har ƙasan bene ya tsaya. Ta leƙa ta labule ta gan shi jingine da fitilar titi cikin rigar aikinsa, ta koma ta kifa kai a filo.

Ranar Juma'a da hantsi ya rubuto: "Ina Crotona Park, bencin da ke bakin ruwa. Ba na tashi sai kin zo. Akwai abin da ya faru."

Ta sa hijabi ta fita. Mma na kicin tana yanka albasar abincin baƙo, ba ta tambaye ta ina za ta ba.

Daga nesa ta hango shi. Dogo, siriri, ya dafe kai da hannu biyu. A gefensa akwai babbar ambulan mai ruwan ƙasa. Yana jin takunta ya miƙe.

"Tahira. Mi na yi miki?"

"Ba ka yi komai ba."

"To don mi kike azabtar da ni? Yaya ta yi maganarta, ni kin ji tawa? Na ce mata ko sunanki na manne a kowace kotu ta Amurka ke zan aura."

"Me ta ce?"

Ya sunkuyar da kai. "Ta yi kuka. Ta ce in zaɓa, ita ko ke. Ta ce in na ɗaura aure ba da yardarta ba, kada in zo jana'izarta."

Tahiratu ta zauna a ƙarshen bencin, ta bar tazara tsakaninsu. Yara na wasa can gefe, wani tsoho na watsa wa tattabaru gutsuren burodi.

"Barmo, ka saurare ni har in gama. Na yi tunani har kaina ya daina ɗauka. Lauya ta ce ba zai shafe ka ba, sannan ta ce sai dai in kaza. Kamfani ya ce ba su ƙi ni ba, kuma ba su ɗauke ni ba. Baaba ya ce bai hana ni ba, kuma bai yarda ba. Kowa na ba ni rabin magana. Abu ɗaya na tabbatar, ba zan zama sanadin raba ka da wadda ta goya ka ba. Ba kuma zan zama sanadin rasa aikinka ba."

"Aikin..." Ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ɗauki ambulan ɗin ya ajiye a tsakaninsu. "Jiya ta iso."

Ta dubi tambarin da ke kusurwar ambulan ɗin, na kamfanin da ya kira shi aiki ne.

"Karanta ta saman," ya ce.

Ba ta buƙaci karantawa har ƙarshe ba. Kalmomin iri ɗaya ne da nata. Sun ga wani abu a rahotonsa. Suna sake nazari. Yana da damar yin bayani kafin su yanke.

"Wayyo Allahna!" Ta toshe baki da gefen hijabi. "Gidan nan ne. Takardar hayar nan da muka cika tare. Na haɗa sunana da naka, Barmo, na shafa maka! Yaya ta faɗa, na yi mata gardama. Ashe ita ke da gaskiya."

"Ba mu sani ba tukuna."

"Me ya rage a sani? Kai da ko katin banki ba ka yarda da shi ba? Kai da ke biyan komai hannu da hannu? In ba ni ba, wa?"

Kuka ya ƙwace mata. Ya miƙa hannu, ya tuna, ya janye.

"Ki daina, don Allah. Tahira, kukanki ya fi mini rashin aikin ciwo. Kwali na saba ɗauka, sai in ci gaba."

"Bayanka fa? Likita bai ce ka bari ba?"

"Bayana ne, ba na wani ba."

"A'a." Ta share fuska, ta miƙe zaune. "Ka rubuta musu yau. Ka ce ba ka da wata alaƙa da ni, an fasa. Ka kira mai gidan hayar ya cire sunana. Wataƙila su duba su ba ka."

"Ke kuma fa?"

"Alhaji Rilwanu zai zo gidanmu bayan masallaci."

Barmo ya kafe ta da ido kamar bai ji da kyau ba.

"Rilwanu? Mai kwantena?"

"Ya san komai, ya ce ya yarda."

"Ni ban san komai ba? Ni ban yarda ba? Ni da na ji tun ranar farko ban ko ƙifta ido ba?" Muryarsa ta ɗaga har tsohon mai tattabaru ya waigo. "Kina son shi?"

"Kada ka tambaye ni wannan."

"Na tambaya. Dube ni ki ce kina son shi, in tashi in tahi."

Ta kasa ɗagowa. Hawaye na ɗiga kan bayan hannunta.

"Ban san me nake so ba yanzu, Barmo. Na san dai duk abin da na taɓa sai ya lalace."

Can daga wani titi jiniyar motar asibiti ta wuce.

"Yaya ta san takardar ta zo?" ta tambaya.

"Na hwaɗa mata da safe a waya. Ta ce, ka gani ko? Ta ce in kawo mata duka, ita za ta kai wa wani ya duba." Ya shafa kai. "Akwai wasu shafuka a ciki, rahoton da kansa. Ni na kasa karantawa, layuka ne da lambobi kamar takardar asibiti. Na ce kafin in kai mata, ke da kika yi karatun abin ki duba mini. In sunanki na ciki, in gan shi da idona. Sannan in san abin da zan yi."

"Don me za ka ƙara mini ciwo?"

"Don Allah na roƙe ki."

Ta jawo shafukan. Ta fara daga sama, tana bin layi da yatsa, tana jiran inda za ta ci karo da sunanta ko na kotu. Shafin farko babu. Na biyu babu. Ta koma baya ta sake bi a hankali.

Sai yatsanta ya tsaya.

"Barmo, yaushe ka karɓi katin bashi?"

"Ban taɓa ba. Kin sani."

"Ga su nan har da yawa. Ga kuma rancen kasuwanci. An daina biya tun bara, an miƙa wa masu karɓar bashi." Ta ɗago. "Sunanka ne. Ranar haihuwarka ce. Lambar shaidarka ce."

"Ba ni ba ne! Wallahi tallahi ba ni ba ne. Kuskure ne, ko ɓarayin intanet. Ko wani Barmo ne daban?"

"Wa ke riƙe da takardunka?"

"Suna wurin Yaya tun zuwana, cikin akwatinta. Ita ke..." Ya tsaya.

Tahiratu ta juya shafin zuwa gare shi, ta ɗora yatsa a ƙasan wani layi. Adireshin da ake aika wasiƙun bashin ne. Ba ɗakinsa ba ne. Titi na 116 ne, da lambar shagon da aka zaunar da ita kan kujerar roba.

Ya karanta. Ya sake karantawa, leɓensa na motsi.

"A'a," ya ce. "A'a. Lokacin annoba shagon ya kusa rufewa, sai ta ce wata ƙawarta a Yamai ta taimaka mata. Haka ta ce mini. Ƙawarta." Ya dubi Tahiratu kamar yaron da ya ɓace a kasuwa. "Wataƙila ba ta san zai kai haka ba. Wataƙila wani ya cika mata. Ko ba haka ba? Tahira, ce wani abu mana."

Ta rasa abin da ke zuciyarta. Ta zaci za ta ji sanyi don ba sunanta a ciki, amma ba sanyin ta ji ba. Ta tuna idanun Zeinabou da suka kaɗa a shago. Kukan ƙarya ne? Ko tsoron ranar nan ne ya sa ta nemi wanda za a ɗora wa tun kafin ta zo? Ko ita ma da gaske ta yarda cewa aure ne zai ɓata shi?

"Ni da kaina na sa wa Baabana hannu a takardar bashi," ta ce a hankali. "Kai ko tambayar ka ba a yi ba."

"To yanzu mi zan rubuta wa kamfani? In na ce ba ni na ci ba, za su ce wa ya ci."

"Za su ce ka kai rahoto wurin 'yan sanda."

"In kai Yaya?"

Ta mayar da ido kan shafin.

Wayarsa ta hau ruri a kan bencin. Duk suka kalli fuskar wayar. Ya bar ta ta yi ta yi har ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.

"Ɗauka," in ji Tahiratu.

Ya danna, ya buɗe muryar yadda za su ji tare. Hayaniyar titi ta fara shigowa, sannan muryar Zeinabou, tana haki kamar mai gudu.

"Barmo? Kana ina? Ga ni cikin tasi, ina zuwa ɗakinka. Takardun ga da suka aiko, kada ka buɗe na cikin. Ka ji ni? Kada ka nuna ma kowa, balle yarinyar ga. Don darajar uwarmu da ke kabari, ka bari sai na iso."

Barmo ya dubi shafukan da ke buɗe a cinyar Tahiratu.

"Yaya," ya ce, "tana nan kusa da ni. Ita ta karanta mini."